Ranar da Na Kashe wa Sahabi Wuta a Bukkuyum

Nafisa, ke kika jawo wannan babin. Ranar da kika dawo daga gidan Gwaggonku Asabe, kin tsaya a bakin shagona kina murza gefen hijabi, kika ce wai an faɗa miki ni na kashe wa Baffanku Sahabi wuta a gaban surukinsa, don ina baƙin cikin ɗaukakar da Allah ya ba shi. Ban ba ki amsa ba, saboda in na buɗe baki a kan wannan magana muryata tashi take yi, ga kuma mai rediyo zaune yana jiran aikinsa. To ga amsar a rubuce, ke da 'yan'uwanki. Ƙwarai, ni na kashe wutar. Da hannuna na dama na kashe ta, kuma in aka mayar da ni filin nan yau, zan sake kashewa. Abin da Asabe ba ta faɗa muku ba shi ne dalili, don ita har gobe ba ta san bambancin waya mai wuta da igiyar shanya ba.

Sahabi ƙanena ne ciki ɗaya, shekara shida na ba shi. Shi Allah ya ba hannu, ni kuwa aka ba ni kunne da haƙurin bin waya, kuma ban taɓa jin an cuce ni a rabon ba. Gurmi ya fara kaɗawa a ƙofar gidanmu a Gummi. Ni kuma lokacin na buɗe wannan shagon na gyaran rediyo, sai na cusa masa wani ɗan makirufo a cikin gurmin, na haɗa da rediyon mota da batir, unguwa duka ta fito kallo. Daga baya ya sami jita a hannun wani Buzu da ya zauna a garinmu na ɗan lokaci, ya koya masa riƙo, sauran kuma ya ƙarasa da kansa. Amfilifaya ɗaya muke da ita, wato akwatin da ke ƙara wa jita ƙarfin murya, sai lasifika biyu. Mu ɗaure su a bayan babura biyu, yau muna Anka, jibi muna Bukkuyum, wani satin muna wani ƙauye da mota ba ta shiga. Da La'asar muke farawa, mu naɗe kafin Magariba, don a ƙasarmu wasan da ya wuce haka tsegumi yake jawowa. Waɗannan shekarun su ne mafi daɗi a rayuwata, kuma ban taɓa faɗa masa ba.

Abu uku suka taru suka ɓata mana lissafin aiki, ko in ce suka ɓata mini. Zinariya ta fashe a ƙasar Anka, samari suka sami abin hannu, biki ya koma gasar wa ya fi ƙara. Sahabi ya auri Luba, 'yar Alhaji Ɗanjumma na Bukkuyum, dillalin shanu, mutum mai kirki wanda yake son surukinsa kamar shi ya haife shi, kuma duk abin da Sahabi ya nuna da yatsa sai ya saya masa. Mafi muni kuwa, Sahabi ya sayi waya mai nuna bidiyo. Daga nan barcin rana ya ƙare mini. Ina tsakiyar liƙa waya sai ya faɗo shago ya tura mini wayar a hanci, ga wani Bature mai gashi har kafaɗa yana tattaka wasu ƙananan akwatuna da aka jera masa a ƙasa.

"Yaya, dibi wanga. Akwati goma sha biyu gaban ƙahwatai. Mu ko ɗaya ba mu da."

"Shi wanga, a Gummi shike wasa?" na ce. "Da janaretan haya shike aiki, irin wanda anka ɗaure ma waya da leda?"

"Kai dai, Yaya, ba ka son ci gaba."

Feda ake kiran akwatunan, don da ƙafa ake taka su kamar na keke. Kowanne da abin da yake yi wa muryar jita. Akwai mai kaurara ta, ta koma kamar gurnanin babur, akwai mai sa ta kuka kamar jariri, akwai eko mai maimaita kiɗa sau uku sau huɗu har ka rasa wanne ne na gaske. Kafin shekara ta zagayo muna da guda bakwai. Kowace feda da wayar shiga da wayar fita da abin ba ta wuta, kuma babu biyun da suke shan wuta iri ɗaya. Daga feda ta ƙarshe sai waya ta rabu biyu, ta shiga amfilifaya biyu, don Baturensa ya ce murya ɗaya ta fito ta dama, ɗaya ta hagu. Daga nan a sa makirufo a bakin kowace amfilifaya, a kai mikisa, wato teburin da nake zama ina daidaita muryoyi, daga mikisa kuma zuwa lasifika shida. Na ƙusa fedojin a kan wani allon katako don kada su riƙa yawo, na karɓi ragowar zaren saƙa na uwarku na ɗaura wa kowace waya launinta, don in ɗaya ta mutu a tsakiyar wasa in san inda zan nufa. Babura biyu suka daina isa, sai hayar a-kori-kura. Aikin da nake gamawa kafin a gama alwala ya koma na awa biyu a cikin rana, kuma da na gama sai Sahabi ya zo da tsabtatacciyar rigarsa ya taka ɗaya ya ce ai kukan bai kai na bidiyo ba. Wallahi akwai ranakun da na so in tattara allon nan in jefa a gulbin Gummi.

Duk wannan gajiya ce kawai, kuma na iya gajiya. Abin da ya shiga tsakanina da kwanciyar hankali wata tsohuwar amfilifaya ce ta gwanjo da Alhaji ya sa aka kawo wa Sahabi daga kudu, mai kwalabe a ciki da suke ja in sun yi zafi. Gaskiya muryarta daɗi gare ta, ban taɓa musu ba. Amma ba don wutarmu aka ƙera ta ba, sai an haɗa ta da wata taransifoma mai nauyin dutsen niƙa, kuma a haɗuwar su biyun nan wuta tana zubowa a jikin akwatin. Na buɗe ta ya fi sau biyar, na canza abin da zan iya samu, wani janaretan ta yi lafiya, wani kuma ta dawo da halinta. Ku fahimci wannan da kyau, don a nan maganar take. Igiyoyin jita ƙarfe ne, kuma waya ta haɗa su da jikin amfilifaya. In jikin yana da wuta, igiyoyin ma suna da ita. Muddin mai kiɗa yana tsaye a kan roba, wutar ba ta da hanyar wucewa, ba zai ji komai ba sai ɗan tsikari. In kuwa ƙafarsa tsirara ta taɓa jiƙaƙƙiyar ƙasa, to shi ya zama hanyar, ta shiga ta hannu, ta ratsa ƙirji, ta fita ta ƙafa. Kuma ba ta jefar da mutum, damƙe masa yatsu take a kan abin da ya riƙe. Ta taɓa riƙe ni a shagon nan, ba labari aka ba ni ba.

Na ce a jefar da ita, Sahabi ya ce sai dai a jefar da shi. Don haka na yi abin da ya rage mini. Na sa maƙeri ya yi mini wani ƙarfe mai tsini, tsawon hannu, duk inda muka je sai na kafa shi a ƙasa, na zuba masa ruwa da gishiri, na ɗaura waya daga jikin amfilifayar zuwa gare shi, don wutar da ta zubo ta bi nan ta shige ƙasa. Na yanko shimfiɗar roba ya riƙa tsayawa a kai. Sannan na sa shi ya rantse mini ba zai taɓa riƙe jitar nan ba takalmin roba a ƙafarsa ba. Ya rantse yana dariya, ya riƙa gaya wa mutane wai Yayansa ya yi masa turke kamar akuya. Shekara guda muka yi a haka, babu abin da ya faru, kuma rashin faruwar komai ɗin shi ya sa kowa ya ɗauke ni mai tsoron banza.

Sai Alhaji ya tashi aurar da babban ɗansa a Bukkuyum. Wannan ba biki ba ne kamar sauran. Gidan surukai ne, kuma ranar ce Sahabi zai nuna wa mutumin da ya saya masa kaya abin da kayan suka iya. Ya yi wata guda yana shirya wa Alhaji waƙa ta musamman. Tun hantsi na isa ƙofar gidan, na kafa ƙarfena a bayan rumfa, na shayar da shi, na jera komai, na gwada da tasta, wannan ƙaramin sukudireban da yake kama ja in ya taɓa wuta. Lafiya lau. Na tafi masallaci na yi Azahar, aka ba mu abinci, na ɗan jingina a zaure. Da La'asar ta yi fili ya cika, aka ta da janareta, Sahabi ya hau robarsa ya fara taɓa kiɗa. Ina zaune a gaban mikisa sai na ji wani gunji a ƙarƙashin kiɗan, siriri, irin wanda kunnen kowa ba zai kama ba sai nawa. Na zagaya bayan rumfa. Ga wayata kwance a ƙasa kamar mataccen maciji, ga ramin, babu ƙarfe.

Na damƙi wani daga cikin mutanen gidan na tambaye shi.

"Af, wanga turken? Ai bijimin san da za a yanka gobe na yat tsinke igiya, munka rasa abin ɗaure shi. Mun ishe shi nan ba shi aikin komi, shi na munka cire."

Ba shi aikin komai! Na koma da gudu na ɗora tasta a jikin amfilifayar, ta kama ja jawur, irin jan da ban taɓa gani a jikinta ba. Duk da haka na ce a raina da sauƙi, yana kan roba, da takalminsa, bari ya ƙare wannan waƙar in raɗa masa. Ina ɗaga kai sai na ga abin da ban lura da shi ba tun farko. An yayyafa wa filin ruwa don kwantar da ƙura, kamar yadda ake yi wa manyan baƙi, kuma mutanen Alhaji ba su yi rowar ruwan ba, har ƙasa ta yi baƙi. A daidai lokacin Alhaji ya fito daga zaure da abokansa, aka zaunar da su a kujerun gaba. Sahabi ya juya kiɗa zuwa waƙar da ya shirya. Na gan shi ya sa ƙafar dama yana zare takalmin hagu.

Ku 'ya'yan yanzu kuna iya cewa me ya kai shi. Amma babu ɗan mutunci a ƙasar nan da zai tunkari surukinsa da takalmi a ƙafa. Ba tunani ya yi ba, ƙafarsa ce ta yi abin da Inna ta koya mata tun yana yaro. Zai sauka daga robar, ya taka har gaban Alhaji, ya durƙusa da jita a hannu yana kaɗawa, don dama doguwar waya na yi masa. Na ƙwala masa kira. Na sake ƙwalawa har maƙogwarona ya yi zafi. Ina zai ji? Lasifika shida da ni na haɗa da hannuna su suka haɗiye muryata. Tsakanina da shi akwai wayoyi da mutane, tsakanina da janareta taku biyar ne. Ya zare takalmi na biyun. Ban san lokacin da na isa ba, na dai ji maɓallin a ƙarƙashin yatsana.

Ya buɗe baki ke nan zai ambaci sunan Alhaji, komai ya mutu. Ya taka jiƙaƙƙiyar ƙasar da ƙafa tsirara, yana bugun igiyoyin da ba sa cewa komai, bakinsa a buɗe. Fili ya yi tsit, sannan wata mata ta fashe da dariya daga cikin zaure, sauran suka ɗauka. Da a nan na tsaya, da an ce janareta ne ya yi halinsa, a wuce. Amma ni in tsoro ya kama ni faɗa yake zama. Na ratso fili ina ihu.

"Maida takalminka! Na ce maida takalminka, Sahabi!"

A gaban surukinsa, a gaban abokan surukinsa, nake umartar mutum mai mata da 'ya'ya ya sa takalmi. Alhaji ya ɗago hannu cikin natsuwa.

"Malam Bello, lahiya? Mi ya hwaru?"

"Mutanenka sun cire mani ƙarhe sun ɗaure sa da shi."

"To ai ba abin tashin hankali ba na. A tada inji, in an gama a ba ka ƙarhe goma."

A nan ne na yi laifin da ni ma na yarda laifi ne. Maimakon in ja shi gefe in yi masa bayani, sai na ce, kowa yana ji:

"Alhaji, halan sanka ya hi maka ran mijin ɗiyarka?"

Na ga fuskar dattijon ta canza. Ya gyara babbar rigarsa, ya koma zaure, abokansa suka bi shi. Aka aika a kwanto ƙarfen, san ya ƙi tsayawa, aka ce sai an sami wani turken. Wani ya nufi janareta zai tayar, na zare fiyus ɗin amfilifayar, ɗan abin da in babu shi ba ta kama wuta, na jefa a aljihu, na ce duk wanda yake so ya zo ya ciro. Ana wannan ja-in-ja masu kalangu da ke gefe suka ga fili ya samu, suka shigo, mata suka bi su da rawa. Har aka kira Magariba jitar nan ba ta sake magana ba. Sahabi ya naɗe wayarsa da kansa, abin da bai taɓa yi ba, kuma ko kallona bai yi ba. A bayan a-kori-kura na dawo Gummi, shi yana gaba.

Washegari Inna ta tara mu a ɗakinta. Ni ne ɗan fari, ba ta kiran sunana, sai dai ta ce "kai wanga". Asabe tana gefe tana ta hura hanci, ita ta riga ta yanke hukunci tun a hanya.

"Kai wanga, wutar ta kama shi?" in ji Inna.

"A'a, Inna, ai don kar ta kama shi na nik kashe."

"Ta taɓa kama shi, can baya?"

"A'a."

"To mi kake so in hwaɗa ma surukanmu?"

Asabe ta ce ai tun ranar da Alhaji ya fara saya wa Sahabi kaya take ganin fuskata ba daidai ba, wai kullum ina ƙorafi, wannan ya yi yawa, wancan a jefar. Abin haushin shi ne ba ƙarya ta yi ba, na yi ƙorafin, amma wa ya ɗauki kayan a ka? Na ce su biyo ni in nuna musu. Na haɗa amfilifayar a tsakar gida da ɗan janaretan shagona, na mayar da fiyus, na ɗora tasta a gaban kowa. Kun san abin da la'ananniyar ta yi? Ko ƙyaftawa tastar ba ta yi ba. Na juya filogi, na jijjiga waya, na jiƙa ƙasa, shiru. Na ce ai janaretan ba ɗaya ba ne, na jiya na haya ne. Ina jin kaina ina bayani, kuma ni kaina na san yadda bayanin yake sauka a kunnensu. Sahabi ya miƙe.

"Yaya, da ka bari ta kashe ni, da ya hi mani sauƙi da abin da kay yi."

"Haka kac ce?"

"Haka nic ce."

Na je Bukkuyum bayan kwana uku, na cire takalmina tun daga bakin titi, na ba Alhaji haƙuri. Ya ce ya yafe, kuma na yarda ya yafe, don har ya rasu bai taɓa juya mini fuska ba. Sahabi ne bai yafe ba. Ya aiko aka kwashe kayansa daga shagona, ya ɗauki wani mai haɗa waya daga Anka. Na kira mutumin a ɓoye na gaya masa halin amfilifayar, ya ce ya ji. Ban san ko ya ji ɗin ba. Watanni na yi, duk ranar da na san suna wasa ba na iya riƙe abin liƙin waya, in aka buga ƙofar shago da ƙarfi sai in zabura. Bayan wani lokaci na ji labarin amfilifayar ta ƙone da kanta a wani ƙauye, taransifomar ta yi hayaƙi, babu wanda ya ji ciwo. Asabe ta ce to ga shi nan, har ta mutu ba ta kashe kowa ba. Ranar na yi sadaka, uwarku ta tambaye ni ta mece ce, ban faɗa mata ba.

Ga gaskiyar da ta fi ci mini rai, kuma gara ku ji ta daga bakina. Ba ni da shaida. Ba zan iya rantse muku cewa da ya taka ƙasar nan da wuta a kunne da ya mutu ba. Wataƙila da ta fizge shi kawai, ya yar da jitar, a yi dariya, a ci gaba da biki, mu koma gida tare a gaban mota. Na auna wannan a raina fiye da yadda Asabe za ta taɓa aunawa. Amma hanyar sani guda ɗaya ce tak, in tsaya in kalla, kuma wanda za a gwada da shi ɗan Innata ne. Na zaɓi in rasa amsar. Abin da na biya shi ne ban sake zama a bayansa yana kiɗa ba, ni da na fara sa duniya ta ji shi, yanzu sai dai in tsinci kiɗansa a wayar masu kawo mini gyara, in yi kamar ban gane ba.

Kuna gani dai muna gaisawa. Ranar Sallah in an sallame a filin Idi yakan zo, don ni ne babba, kuma Inna ta bar masa wasiyya kada ya yanke zumunci. Ba ya ba ni tafin hannunsa, kan yatsu kawai yake miƙo mini, yana kallon wani wuri. Yatsun sun yi kanta saboda igiyar jita, kuma da ɗuminsu. Ni kuwa sai in riƙe su, in ƙi saki da wuri, har sai ya janye da kansa.